Yadda ake zaɓen agogon hannu mai sauƙin kuɗi wanda zai zauna daram

Akwai wani agogo a aljihun teburina wanda ban ɗaura shi ya kai sau biyar ba. Baƙar fuska gare shi da sarƙar ƙarfe mai sheƙi, a hoton da na gani kafin in saya kuwa sai ka ce don ni aka ƙera shi. Ranar da ya iso na ɗaura, sai ya yi mini zaman murfin gwangwani a hannu: nan ya zarce, can ya zarce, in na tanƙwasa hannu ɗan mamurɗin da ake saita lokaci da shi ya soke ni. Kafin yamma ya bar mini jan tabo a bayan hannu. Agogon lafiyarsa ƙalau, lokacinsa daidai. Laifin nawa ne, da ido na saya ban ɗauki rula ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan agogo dai na ga inda ya kasa.

In masu sha'awar agogo suka haɗu, musunsu ba ya wuce abu uku: ya zauna a hannu? Yana da daɗin ɗaurawa? Kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A jere kuma suke. Agogon da bai zauna ba ba zai yi daɗi ba, wanda bai yi daɗi ba kuwa a aljihun tebur zai ƙare, komai araharsa. Ga yadda nake bi yanzu in ina da agogo biyu ko uku a rai, kuɗina kuma na guda ɗaya ne.

Mataki na farko: auna hannunka, awo biyu

Nemo tef ɗin awo mai laushi irin na masu ɗinki. In babu, zare da rula sun isa. A wuyan hannunka, ta ɓangaren ƙaramin yatsa, akwai ɗan ƙashin da ya turo. Bayansa agogo yake zama, ta wajen gwiwar hannu, ba a kansa ba. Nan za ka zagaya tef ɗin, kada ka matse, kada ka saki, ka rubuta abin da ka samu. A ƙiyasin da masu agogo suka saba da shi, santimita 15 zuwa 16 siririn hannu ne, 17 zuwa 18 matsakaici, daga 19 zuwa sama kuma hannu ya cika.

Wannan awon kowa ya san shi. Na biyun ake mantawa, shi ne kuwa mai yanke hukunci. Kifa hannunka a kan tebur, ka gicciya rula daidai wurin da ka auna, ka karanta faɗin shimfiɗaɗɗen saman hannun kaɗai, daga inda ya fara gangarawa ta wannan gefe zuwa inda ya fara gangarawa ta wancan. Filin da agogo zai zauna a kai ke nan. Mutum biyu sai ka ga dukansu santimita 17 ne, amma hannun ɗaya faffaɗa ne kamar allo, na ɗayan zagayayye kamar sanda. Na farkon zai ɗauki babban agogo ba wanda zai lura, na biyun kuwa agogon nan lilo zai yi ta yi masa.

Ka auna da safe, ka sake aunawa da yamma bayan ka yi zirga-zirga. Hannu yana ɗan kumbura da zafi da aiki, za ka ga amfanin wannan bambancin in mun zo kan maɗauri.

Mataki na biyu: nemo lambobi huɗu na kowane agogo

Masu talla lamba ɗaya suke son faɗa, wato faɗin jikin agogo: milimita 38, 40, 42. Ita kaɗai ba ta gaya maka komai, ita ce ma ta yaudare ni. Ɗauki takarda, ka ja wa kowane agogo layinsa, ka cike waɗannan.

Ta farko faɗin jikin, ba a haɗa da mamurɗi. Ta biyu, wadda ta fi duka, tsawonsa daga ƙaho zuwa ƙaho. Ƙahonnin su ne 'yan ƙarafa huɗun nan da suka miƙo, biyu ta wajen ƙarfe sha biyu, biyu ta wajen ƙarfe shida, waɗanda maɗauri yake shiga tsakaninsu. Ƙa'idar ita ce wannan tsawon kada ya wuce faɗin saman hannunka, gara ma ya rage da 'yan milimitoci ta kowane gefe. In ƙahonni suka zarce, maɗaurin ba zai kwanta ya bi hannu ba, sai dai ya sauka a tsaye ya bar kafa ta kowane ɓangare, agogon ya yi ta juyawa.

Duba misali. Seiko 5 Sports na zamani, mai fasalin agogon nutso, faɗinsa milimita 42.5 ne, lambar da za ta tsorata mai siririn hannu. Amma ƙaho zuwa ƙaho 46 ne kacal, don ƙahonninsa gajeru ne kuma sun lanƙwaso ƙasa, shi ya sa yake zama a hannun da ba a zata ba. Orient Bambino kuwa, wanda aka fi sani, faɗinsa 40.5, tsawonsa shi ma wajen 46. A takarda ya fi ƙanƙanta, a ido kuma sau da yawa ya fi Seikon girma, domin kusan dukansa fuska ce, babu kaurin zobe a kewaye da gilashin. Farar fuska ma tana ƙara wa agogo girma a ido, baƙa tana rage masa. Casio MDV-106, wanda masoyansa ke kira Duro, faɗinsa 44 ne, tsawonsa ya haura 48. Agogo ne da ake yabonsa ƙwarai a cikin masu sauƙin kuɗi, amma mai hannun santimita 15 ya yi tunani tukuna.

Kamfanin Casio yana sauƙaƙa wa mutum wannan aikin, don lambobi uku yake bayarwa a jere, ta farkon kuma ita ce tsawon. F-91W, ɗan agogon roban nan da ya fito a 1989 har yau ana ƙera shi, 38.2 ne da 35.2 da 8.5. Waɗansu kamfanonin ba sa faɗar tsawon sam. Sai ka bincika wajen waɗanda suka auna nasu, ko ka tambayi mai sayarwa ya ɗora rula ya ɗauko maka hoto.

Lamba ta uku kauri. Abin da bai kai milimita 10 ba yana shigewa ƙarƙashin hannun riga salin alin. Daga 13 zuwa sama za ka riƙa jin sa, yana kama riga, yana bugun bakin ƙofa. Kauri da nauyi in suka haɗu a sama, su ne ke sa agogo ya riƙa zamewa gefe ko da an matse shi.

Ta huɗu tazarar da ke tsakanin ƙahonni biyu, ita ce faɗin maɗaurin da zai shiga. Milimita 18, 20 da 22 su ne ake samun maɗaurinsu ko'ina. In ka ga 19 ko 21, kamar 21 ɗin Bambino, ka san zaɓinka zai ragu ranar da ka tashi canji. Akwai kuma agogon da maɗaurinsa haɗe yake da jikinsa da wani fasali na musamman, wanda sai irinsa kaɗai ke shiga. Wannan ka tabbata ana samun na canji kafin ka saya.

Mataki na uku: ƙera agogon kwali

Za ka ji abin kamar wasan yara, amma da na yi shi da wancan agogon bai shigo gidana ba. Zana faɗin agogon da tsawonsa a kan kwali, ka yanke. Yanka irinsa da yawa ka jera su kan juna har su kai kaurin da aka faɗa, ka manne. Ɗora a hannu ka riƙe shi da zoben roba. Yanzu sa riga mai dogon hannu, ka tanƙwasa hannu baya kamar za ka dafa tebur ka miƙe, ka sa hannu a aljihu ka fitar. Minti goma ya isa ka soke agogo ɗaya ko biyu daga takardarka.

Nauyi ne kwali ba zai nuna maka ba. F-91W giram 21 ne, har mantawa ake da shi. G-Shock na Casio mai kusurwa huɗu, jikan DW-5000C da injiniyan kamfanin Kikuo Ibe ya fitar a 1983, ya ɗan haura giram 50. Agogon nutso na ƙarfe da sarƙarsa kuwa yakan kai giram 150 ko fiye, wato ya kusa nauyin wayar da ke aljihunka. Ɗora wayar a wuyan hannu ka ji, sannan ka tambayi kanka ko za ka wuni da ita a wurin. Wasu nauyin suke so, suna cewa shi ke sa su ji sun ɗaura abu. Ni dai na wuce nan.

Mataki na huɗu: in agogon na gabanka, gwada shi kamar mai aiki

Gani ya kori ji, ɗaurawa kuma ta kori gani. Ɗaura shi bayan ɗan ƙashin nan. Matsi daidai shi ne ƙaramin yatsanka ya iya kutsawa da ƙyar tsakanin maɗauri da fata. Girgiza hannu: in agogon ya gangaro kan ƙashin ko ya juya gefe, ya yi sako-sako. In ka cire bayan 'yan mintoci ka ga shatin maɗauri ya kwanta a fata, ya matse.

Kada ka yi hukunci da hoton da ka ɗauka da waya a kusa da hannu. Kyamarar waya in ta matso tana kumbura abin da ke tsakiya, sai agogon milimita 38 ya fito kamar faranti. Tsaya gaban madubi, taku biyu ko uku baya, ka saki hannu. Yadda mutane za su gan shi ke nan.

Sannan ka lura da mamurɗi. In babba ne mai kaifin baki kuma yana daidai ƙarfe uku, zai taɓa bayan hannu duk sanda ka tanƙwasa. Seiko ya daɗe yana sauko da nasa wajen ƙarfe huɗu a yawancin Seiko 5, tun jerin da ya fara a 1963, kuma hannu yana jin bambancin. Shafa yatsa a ƙasan ƙahonni da gefen maɓallin sarƙa. A agogo mai araha nan ake rage aiki, a bar kaifin da ido ba ya gani amma fata ta sani.

Abu biyu ƙanana kafin ka cire. Kalli fuskar kallo ɗaya ka kau da kai: ka karanta lokacin? Allurai masu sheƙi a kan fuska mai sheƙi ɓacewa suke yi. Sai kuma ka kara shi a kunne. Wasu agogunan batir masu sauƙin jiki, irin Timex Weekender, an san su da ƙarar bugawa. Da rana ba ka ji, da dare a ɗaki shiru wani ba ta dame shi ba, wani kuwa sai ya tura agogon cikin durowa.

Mataki na biyar: maɗauri, inda rabin daɗin yake

Agogo da yawa da aka yanke wa hukuncin rashin daɗi, maɗaurinsu ne mai laifi. A nan ne kuma masu ƙera agogo mai araha suka fi tsuke hannu, don sun san fuska ake kallo a hoto.

Sarƙar ƙarfe iri biyu ce. Akwai mai gaɓoɓin da aka naɗe daga fallen ƙarfe, za ka gane ta in ka kalli gefenta ka ga layin naɗi, tana da sauƙin nauyi da ƙarar kacau-kacau, kuma in kana da gashi a hannu za ta riƙa tsinke maka shi ɗaya-ɗaya. Akwai mai gaɓoɓin ƙarfe tsantsa, ta fi nauyi, ta fi santsi. Abin da zan fi dubawa shi ne maɓallin: ƙananan huda nawa ne a gefensa? Da su ake ƙara ko rage 'yan milimitoci ba tare da cire gaɓa ba. Ka tuna bambancin awon safe da na yamma? Maɓalli mai huda uku ko huɗu zai ɗauke shi. Mai huda ɗaya zai bar ka tsakanin matsi da sako-sako har abada. Ka duba kuma gaɓar farko da ta haɗu da jikin agogo. In tana da harshen da ya miƙo waje wanda ba ya lanƙwasawa, to ta ƙara wa agogon tsawo, awon kwalinka ya tashi.

Rage sarƙa ba wuya. A cikin gaɓoɓin akwai 'yan kibiyoyi da ke nuna inda za a tura fil ya fita, in za a mayar kuma ta kishiyar hanyar ake shigar da shi. Yi aikin a kan farin ƙyalle, domin wasu sarƙoƙin, har da na Seiko da yawa, suna da wani ɗan mitsitsin bututu da ke riƙe fil ɗin. In ya faɗi ƙasa sai ka yi rarrafe, in kuma ka mayar da fil babu shi, wata rana agogon zai sulale daga hannunka ba sallama. Cire daga ɓangarorin biyu, amma ɓangaren ƙarfe shida ya fi gajarta kaɗan, don maɓallin ya zauna tsakiyar cikin hannu. In ya karkace gefe, zai riƙa jan agogon yana juyar da shi.

Fata tana da kyau, tana kuma laushi ta ɗauki siffar hannu bayan mako ɗaya ko biyu, don haka kada taurin ranar farko ya kore ka. Abokin gabarta gumi ne. Mai yawan gumi zai ga ta yi baƙi, ta fara wari, ta tsage a hudar da ya saba amfani da ita. Roba ba ruwanta da gumi, sai dai mai laushin nan ta silikon tana kwasar ƙura da zaren tufafi, mai taurin kuma bayan shekaru takan bushe ta karye.

Sai maɗaurin nailan mai zarcewa ta ƙarƙashin agogo, wanda ake kira NATO, asalinsa na sojojin Birtaniya ne tun 1973. Ana wanke shi, ana canza shi cikin minti ɗaya, kuma in ɗaya daga sandunan da ke riƙe maɗauri ta ɓalle, ɗayar za ta riƙe agogon. Aibinsa yana ɗaga agogo sama da kaurin ninki biyu na nailan, don haka siririn agogo ya fi dacewa da shi. In ya jiƙe kuma yana daɗewa bai bushe ba.

Mataki na shida: zaɓi injin da ya dace da halinka

Agogon batir, wato kwaz, ɗan ƙanƙanin dutse ne a cikinsa da ke kaɗawa sau 32,768 a sakan ɗaya. Seiko ne ya fara sayar da irinsa na hannu, Astron, ranar 25 ga Disamba 1969, a lokacin kayan masu hali ne. Yau agogo mafi araha yana ɗauke da wannan fasahar. Casio ya ce F-91W ba ya kauce wa daidai da fiye da sakan 30 a wata, batirinsa kuma yakan yi shekara bakwai. AE-1200 shekara goma aka rubuta masa.

Otomatik ba shi da batir. Motsin hannunka ne ke juya wani nauyi a ciki yana ɗaure sifirin, wato naɗaɗɗen zaren ƙarfen da ke tafiyar da agogon. Injin NH35 na Seiko, wanda ƙananan kamfanoni da yawa ke sawa a agogunansu, yana bugawa sau 21,600 a awa, in ya cika yana yin awa 41 a ajiye, kuma an yarda masa ya yi jinkirin sakan 20 ko gaggawar sakan 40 a rana. A rana fa, ba a wata ba. Ko da gaggawar sakan 20 kawai yake yi, a mako ya wuce ka da fiye da minti biyu. In ka ajiye shi kwana biyu kuma ka tarar ya tsaya. Tsofaffin Seiko 5 masu injin 7S26 ma ba a iya ɗaure sifirinsu da mamurɗi, sai dai a girgiza. Duk da haka mutane na son su, ni ma ina so, saboda allurar sakan da ke tafiya sumul da injin da ake kallo ta gilashin baya. Sai dai ka san sha'awa ka saya, ba daidaiton lokaci ba.

Wani otomatik ɗina ya taɓa fara gudun minti biyar a rana. Na kai wa wani dattijo mai gyara ina tsammanin babban aiki. Bai ko buɗe shi ba. Ya matso da shi kusa da kamfas mai nuna arewa, allurar ta karkata.

"Ɗana, a ina kake ajiye shi da dare?"

"A kan sifika, Baba."

Ya yi murmushi, ya ɗora shi kan wata 'yar na'ura mai cire maganaɗisu, ya danna, ya janye shi a hankali. Shi ke nan. Maganaɗisu ne ya sa zaren sifirin da ke daidaita bugun ya manne da juna, ya gajarta, agogon ya kama gudu. Sifika, murfin waya mai maganaɗisu, maɓallin jaka, duk suna yin haka. Wata ƙa'ida kuma ga duk agogo mai allura da kwanan wata: kada ka canza kwanan da mamurɗi in agogon na nuna tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na dare, lokacin haƙoran canjin sun riga sun kama aiki.

Na ukunsu mai cin haske, irin Eco-Drive na Citizen da Tough Solar na Casio. Daidaiton kwaz gare shi, babu yawan canjin batir, da yawansu in sun cika suna yin watanni a duhu. Ga wanda ke son agogo ɗaya ba rigima, a ganina babu kamarsa. Sharaɗinsa kada a binne shi a durowa shekara guda, don batirin cajin ba ya son ya ƙare tas.

Mataki na bakwai: juya shi ka karanta bayansa

A murfin baya gaskiya take. In an rubuta Stainless Steel Back, murfin kaɗai ne ƙarfen da ba ya tsatsa, jikin kuwa wani ƙarfe ne aka shafe. Gumi zai ci shafen, gefuna su fara canza launi, mai fatar da ba ta jure sinadarin nikel kuma ya fara ƙaiƙayi. Nemi All Stainless Steel, ko lambar 316L a bayanin agogon, ko kuma jikin roba tsantsa wanda bai yi maka ƙaryar komai ba. Ruwan zinare a agogo mai araha ba ya daɗewa.

Gilashi iri uku ne. Na roba yana saurin karcewa amma ana goge karcen, kuma ba ya tarwatsewa. Na minaral, wanda Seiko ke kiran nasa Hardlex, matsakaici ne, in ya karce ya karce ke nan. Safaya tana mataki na 9 a ma'aunin tauri na Mohs, lu'ulu'u ne a na 10, don haka da wuya ta karce, sai dai mugun bugu na iya fasa ta.

Lambar ruwa ita ce ta fi ruɗa mutane. Mita 30 ba ta nufin ka nutse mita 30. Gwajin matsi ne da aka yi a ɗakin gwaji, da sabon agogo, cikin ruwan da ba ya motsi. A aikace mita 30 ta wankin hannu ce da yayyafi, 50 ta ɗan fi haka, daga 100 ake iyo da kwanciyar hankali, 200 mai mamurɗin da ake ɗaurewa kamar noti kuma ta wadatar da kusan kowa. Agogon nutso na ainihi yana bin ƙa'idar ISO 6425, za ka ga an rubuta Diver's a jikinsa. Ruwan zafi da sabulu suna tsufar da zoben robar da ke tare ruwa, kuma duk sanda aka buɗe murfi don canza batir, a duba zoben nan kafin a rufe.

Mataki na takwas: yi lissafi, sannan ka ba shi mako guda

Koma kan takardarka. Duk wanda ya faɗi a awo an riga an soke shi, kada ka dawo da shi don an yi rangwame. Waɗanda suka rage, ƙara wa kuɗin kowanne abin da zai ci nan gaba: maɗaurin da ka san za ka canza, batir, gyara. Otomatik mai araha in ya tsufa, sau da yawa sa masa sabon inji ya fi wanke tsohon sauƙi, shi ya sa inji sananne irin NH35 ko Miyota 8215 ya fi wanda ba a san asalinsa ba. Swatch na roba kuwa, tun fitowarsa a 1983, a rufe aka ƙera jikinsa, batir da maɗauri kaɗai ake canzawa. Raba jimillar da yawan kwanakin da kake ganin za ka ɗaura shi a shekara, ka faɗa wa kanka gaskiya. Agogon da ya ninka wani kuɗi amma kullum yana hannunka ya fi wanda ke fita sau ɗaya a wata araha nesa ba kusa ba.

Ka kula da jabu, don agogo mai araha ma ana kwaikwayonsa. A F-91W na gaske, in ka danne madannin dama na 'yan sakanni yana kan nuna lokaci, sunan kamfanin zai bayyana a fuskar. Wasu masu jabun sun koyi wannan, don haka ka haɗa da duba tsabtar rubutu, takardar garanti, da sharaɗin mayarwa in bai yi ba.

In ya iso, kada ka yi saurin cire ledar kariya ko rage sarƙa sai ka tabbata da girmansa. Da ka tabbata, saita shi da agogon waya daidai sakan, ka rubuta ranar. Ɗaura shi kwana bakwai a harkokinka na kullum. Kowace yamma duba fata: ja a kan ƙashi na nufin ya gangaro, a ƙara matsewa da huda ɗaya. Shati a cikin hannu na nufin a sassauta. A rana ta bakwai gwada shi da wayar, ka raba bambancin da bakwai, ka san halin injinka. In otomatik ne yana gaggawa, gwada kwantar da shi ta wani gefen da dare, mamurɗi sama ko ƙasa, don yanayin kwanciya na canza gudunsa da 'yan sakanni.

Gaɓoɓin da ka cire kuma, zuba su a ƙaramin ambulan tare da fil ɗinsu, ka rubuta sunan agogon, ka sa a kwalinsa. Wancan na aljihun teburina gaɓa huɗu na cire masa ina neman ya zauna, biyu sun ɓata. Ƙanena mai kaurin hannu ya gwada shi kwanaki, jikin agogon ya hau hannunsa daram, sarƙar ce ta ƙi rufuwa.